Kalmomin Kotu da Ke Cin Kwanakinmu: Daga Gardabi Zuwa Kaziye

Iyayena da yayyena, samari da ƴan matan Dakoro, da waɗanda suka taso tun daga Kornaka, Sakabal da Birnin Lalle, sannunku da zuwa, sannunku da rana.

Tun farko in faɗa muku, ni ba alƙali ba ne, ba kuma lauya ba. Wuya ce ta koya mini kalmomin da zan yi magana a kansu yau. Ƴan shekarun baya, ɗan kawuna, yaro mai tuƙa kabu-kabu, ya sayi waya a hannun wani a tasha, jaka goma sha biyar. Bayan sati uku aka zo aka tafi da shi, ashe wayar ta sata ce. Ba zan faɗi garin ba, don ba ƙarar kowa na kawo ba. Muka yi ta zarya ni da kawu wata biyu da ƴan kwanaki. Duk inda muka je sai a jefo mana kalma guda ta Faransanci, mu ce "to", mu fito waje mu tambayi junanmu: mi ya ce? Asarar da muka yi a wannan shari'a, rabinta a bakin waɗannan kalmomi muka yi ta.

Dokokin da ake yi mana shari'ar laifi da su sun samo asali tun 1961: dokar laifuka ta 15 ga Yuli, da dokar tsarin shari'ar laifuka ta 14 ga Agusta. A kan tsarin Faransa aka gina su, an kuma yi musu gyara sau da dama, babba daga ciki shi ne na 2003. A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Madalla. Amma takardar da za a miƙa maka a birgadin jandarma ko a kwamisariya, da Faransanci za ka same ta. Don haka zan faɗi kalmomin yadda kunnenmu ke jin su a ƙofar kotu, in bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda mutum ke cin karo da su. Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: kusan kowace kalma a cikinsu tana ɗauke da agogo. Wanda ya san kalmar ya san kwana nawa ya rage masa.

Mu fara da kombokasiyo. Takardar kira ce, ba kamu ba. Ana iya kiranka a matsayin shaida, ana iya kiranka a matsayin wanda ake zargi. Samari da yawa suna ganin takardar sai su tsallaka Maraɗi ko Katsina su ɓuya, abin da bai kai ya kawo ba ya zama babba. Ka je, amma ka sanar da wani naka inda za ka da ƙarfe nawa ka shiga.

In aka ce an sa mutum gardabi, ma'anarta an tsare shi a hannun ƴan sanda ko jandarmomi don bincike. A laifuka na yau da kullum awa 48 ce, ana iya ƙara wata 48 in mai gabatar da ƙara ya ba da izini. Zargin ta'addanci yana da nasa lissafi mai tsawo, wannan dabam. Gyaran 2003 ya ce dole a sanar da wanda aka tsare cewa yana da ikon ɗaukar lauya daga awa ta 24, sannan wata ƙa'idar ƙungiyar UEMOA ta 2014 ta ce lauya na iya tsaya wa mutum tun lokacin da aka kama shi. Haka nan doka ta ce in za a miƙa mutum ga kotu, a haɗa da takardar likita mai shaida cewa ba a azabtar da shi ba. Kun ga ke nan abu na farko da dangi za su yi shi ne su rubuta rana da awar da aka kama ɗansu. Mu ba mu rubuta ba. Da aka tambaye mu daga baya, kawu ya ce Talata, ni na ce Laraba.

A cikin gardabi ne ake rubuta pebe, wato takardar da ke ɗauke da bayanin da ka yi. Kai ka yi magana da Hausa ko Fulatanci ko Tamajak, an rubuta da Faransanci. Kana da ikon karantawa kafin ka sa hannu, in ba ka iya karatu ba a karanta maka. In abin da aka rubuta ba shi ka faɗa ba, kana iya neman a gyara, kana iya ƙin sa hannu, sai a rubuta cewa ka ƙi. Wannan takarda za ta bi ka har gaban alƙali. Ɗan kawuna ya ce, "Na ga wayar ta yi araha." A pebe maganar ta fito kamar ya ce ya san ta sata ce. Ban ce wani ya yi da gangan ba, magana in ta ƙetara harshe biyu takan sauya kama. Amma a laifin da ake kira resel, wato karɓa ko ɓoye kayan sata, shari'ar duka a kan sani take rataye: ka san na sata ne ko ba ka sani ba? Ya dangwala yatsa bai nemi a karanta masa ba.

Daga nan sai ka ji an ce an defere shi. Ma'ana an ɗauke shi daga hannun masu bincike an kai shi parke, ofishin purokirer. Purokirer shi ne mai gabatar da ƙara da sunan al'umma. Ba shi ke yanke hukunci ba, ko da yake a bakinmu duka "alƙali" muke ce musu. A nan Dakoro muna da ƙaramar kotu, babbar kotun jiha kuwa tana Maraɗi, tafiyar kilomita wajen 120. Purokirer yana da hanyoyi a gabansa. Yana iya rufe maganar in ya ga babu abin kamawa, shi ne kilase san suwit. Yana iya kai mutum gaban kotu cikin gaggawa, shi ne fulagaran deli, kuma a wannan hanya wanda ake tuhuma yana da ikon neman a ba shi aƙalla kwana 3 ya shirya kare kansa. Yana iya ba shi ranar da zai zo kotu daga gida. Ko kuma ya miƙa dosiye ga alƙalin bincike.

Wace hanya za a bi, ya danganta da nauyin laifin, don doka ta kasa laifuka gida uku. Akwai kwantarabansiyo, ƙaramin laifi, wanda hukuncinsa tara ce ko ɗaurin da bai wuce kwana 30 ba. Akwai deli, matsakaici, irin su sata, zamba, cin amana, duka da rauni, wanda ɗaurinsa a ƙa'ida ya haura kwana 30 amma bai kai shekara 10 ba. Sai kirim, babban laifi irin kisan kai da fyaɗe, daga shekara 10 zuwa 30, ko rai da rai, ko kisa. In kirim ne, dole sai an bi ta hannun alƙalin bincike. A da kotun asiz ke shari'ar irin waɗannan, yanzu an mayar da aikin ga sashen manyan laifuka na manyan kotuna, irin ta Maraɗi. Tambaya ta biyu ke nan da dangi za su yi: deli ne ko kirim? Amsar ita za ta gaya muku ko tabarma za ku shimfiɗa a Dakoro ko kuɗin mota za ku nema.

Ku lura da wani abu. A unguwa, ranar da aka kama mutum, ranar ya zama "ɓarawo". A doka kuwa sunansa yana canzawa mataki mataki. A hannun jandarma wanda ake zargi ne. Gaban alƙalin bincike ankilpe ne, wato an sanar da shi tuhumar da ake yi masa. Gaban kotun deli purebini ne, gaban ta kirim akize. Duk waɗannan sunaye huɗu, mai su ba mai laifi ba ne tukuna a idon doka. Sai an ce kwandane ne hukunci ya hau kansa. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam ta 1981, wadda Nijar ta amince da ita, ta faɗi haka a sashe na 7. Mu da ke rubutu a Facebook da WhatsApp, mu fara da kanmu: kafin ka sa hoton wani ka rubuta "ɓarawon da aka kama", ka tuna alƙali ma bai kira shi haka ba.

Yanzu ga kalmar da ta fi sa iyaye mata kuka: manda depo, wadda ake taƙaitawa MD. Ranar da aka ce an yi wa ɗan kawuna manda depo aka wuce da shi gidan kaso, mahaifiyarsa ta yanke jiki ta faɗi, ta ɗauka an gama. Alhali manda depo umarni ne na a ajiye mutum kafin shari'a. Ajiyar ma tana da iyaka a lokacin bincike. A deli, wata 6 ne, a wasu laifukan ana iya sabuntawa sau ɗaya. A kirim wata 18 ne, ana iya ƙara 12, ban da wasu manyan laifuka da doka ta ware, irin kisan kai da wawure dukiyar ƙasa. Kuma duk kwanan da mutum ya yi a ajiye, ana cire shi daga hukuncin in an ɗaure shi.

Maganin manda depo shi ne libarte purobizuwar, sakin wucin gadi. Wanda aka tsare ko mai kare shi yana iya neman sa a kowane lokaci, a rubuce. Abin da alƙali ke dubawa shi ne, mutumin nan yana da gida sananne? Yana da sana'a? In an sake shi zai gudu, ko zai tsoratar da shaidu? Wani lokaci a ce a ajiye kosiyo, kuɗin jingina. Kosiyo a hukumance ake biyan sa, a ba ka resi. Mu ba mu san ana roƙon wannan saki da takarda ba. Sai wani mutum da ke zama a gindin bishiya kusa da ƙofa ya ce ya san hanya, a kawo jaka arba'in. Kawu ya sayar da akuya biyu. Har yau ba mu sake ganin mutumin ba, kuma na tabbata alƙalin bai taɓa jin sunansa ba. Duk kuɗin da ba a ba ka resi a kansa ba, ka ƙaddara sadaka ka yi wa ɗan damfara.

Sai maganar sulhu, wadda ta fi shafar mu mutanen wannan yanki, inda manomi da makiyayi ke gogayya tun daga kwarin Tarka har kudu. Sarakunanmu da masu gari doka ta ba su ikon sasanta mutane a kan al'ada, gona, ɓarnar dabbobi da bashi, kuma suna kashe wuta da yawa, Allah ya saka musu. Amma in aka zubar da jini ko aka yi sata, magana ta shiga hannun purokirer, yafewar mai kaya ba ta rufe ta. Mai wayar ya karɓi wayarsa, ya ce ya yafe duniya da lahira, muka yi fatiha, muka koma gida muna jiran a buɗe ƙofa. Ba a buɗe ba. A shari'ar laifi ƙara biyu ce ke tafiya tare: ta al'umma, wadda purokirer ke riƙe da ita, da ta wanda aka cuta, mai neman diyya. Ta biyun kaɗai mai kaya ke iya janyewa, ban da ƴan laifuka kaɗan da doka ta ce sai da ƙorafin mai haƙƙi. Yafewar tana da amfani, alƙali na iya sassautawa saboda ita, amma sai an rubuta ta an kai ta cikin dosiye.

In kai ne aka cuta, kalmarka ita ce parti sibil. Kai ƙara kaɗai ba ya sa a biya ka. Sai ka ce ka tsaya a matsayin parti sibil, ka faɗi asararka da adadinta, ka kawo shaida. Mata da yawa da aka daka, da ƴan kasuwa da aka ci amanarsu, sun ga an ɗaure wanda ya cuce su sun koma gida hannu wofi, don an tambaye su "mi kike nema?" sun ce "na bar shi da Allah". Ku kuma bambanta amandi da domaj: amandi tara ce, baitulmali ke cin ta, domaj kuwa diyya ce ta wanda aka cuta.

Ranar zaman kotu, in ba ka jin Faransanci sosai, haƙƙinka ne a sa maka tafinta, kuma tafinta rantsuwa yake yi. In ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba, babu kunya a ciki. Za ka ji ranbuwa, wato an ɗage zama zuwa wata rana, ka tabbata ka riƙe ranar. Za ka ji purokirer ya miƙe ya nemi a ɗaure mutum shekara kaza. Wannan ita ce rekizisiyo, roƙo ne yake yi wa kotu. Ranar tamu da ya ce shekara biyu, rabin danginmu suka fice suna salati, ba su tsaya sun ji sauran ba. Bayan shi, wanda ake tuhuma ko mai kare shi ne ke da magana ta ƙarshe. In aka ce delibere, alƙali ya ɗauki lokaci ya yi nazari, za a faɗi hukunci a ranar da ya sa.

Hukuncin kansa yana da kalmominsa. Relakis a kotun deli, ko akitema a ta kirim, an wanke ka. In tun a wurin alƙalin bincike aka ga babu hujja, nonliyo ake cewa. Ferm, zaman kaso ne na gaske. Sursi kuwa shi ne wanda muke kira ɗaurin talala: an same ka da laifi, an yanke maka, amma an rataye zaman. In ka yi shekara 5 ba a sake ɗaure ka a kan wani laifi ba, ya faɗi. In ka sake, sai ka yi tsohon ka ɗora sabon. Ɗan kawuna shekara ɗaya aka ba shi, wata uku ferm, sauran sursi. Da yake ya riga ya yi wata biyu da wani abu, ƴan kwanaki suka rage. Muka yi murna, aka dafa shinkafa.

A cikin murnar nan agogo mafi tsada ya wuce mu. Apel, ɗaukaka ƙara, kwana 10 ne daga ranar da aka faɗi hukunci a gabanka. A ofishin gerefiye, magatakardan kotu, ake zuwa a rubuta, wanda ke tsare kuma yana iya bi ta hannun shugaban gidan kaso. Ba a hana talaka. Ku tuna Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana yarinya a yankin Ƙonni. A 2007 kotu ta yanke mata wata 6 a kan ta yi aure bisa aure, don wanda ya riƙe ta a bauta ya ce matarsa ce. Ta ɗaukaka ƙara, aka yi mata sakin wucin gadi, ta ci gaba da neman haƙƙinta har ranar 27 ga Oktoba 2008, da kotun CEDEAO ta zauna a Yamai ta ce ƙasa ta gaza kare ta daga bauta, a biya ta sefa miliyan 10. Ba ta yi boko ba, amma ta samu waɗanda suka san ƙofofin suka tsaya mata a kan lokaci.

Mu kuwa sai bayan shekara uku muka san abin da muka bari. Yaron ya tashi shiga gasar ɗaukar aiki, aka ce ya kawo kaziye judisiyer wanda bai wuce wata 3 ba. Kaziye ita ce takardar tarihin hukuncin mutum, a kotun yankin da aka haife ka ake karɓar ta. Ya karɓo, ga hukuncin nan a rubuce. Dosiyensa bai wuce ba. Akwai hanyar wanke suna da doka ta tanada, reyabilitasiyo, amma sai an jira shekaru an kuma nema. Da mun san kwana goman nan, wataƙila wata kotu ta sake duba maganar "na ga ta yi araha".

Na san abin da wani zai ce: duk wannan sai mai lauya, lauyoyi kuwa yawancinsu suna Yamai. Gaskiya ne. Amma tun Disamba 2011 doka ta kafa hukumar ANAJJ, mai ba da taimakon shari'a kyauta ga marasa hali, tana da ofishi a manyan kotuna. Inda babu lauya, akwai mutanen da kotu ke naɗawa su kare wanda ake tuhuma. Yara suna da alƙalinsu na musamman, kuma yaron da bai kai shekara 13 ba doka ba ta ɗora masa hukuncin laifi. Waɗannan abubuwa suna nan a rubuce, sai dai ba sa zuwa gida su ƙwanƙwasa ƙofa. Kuma da yake doka tana shan gyara, in magana ta taso ku je wurin gerefiye ko ofishin taimakon shari'a ku tabbatar da adadin kwanakin.

Ga roƙona gare ku, ku da kuka yi lakwal. A kowace unguwa akwai tsohon da zai tafi ƙofar kotu gobe da goro a aljihu, bai san mi za a ce masa ba. Ku raka shi, da biro da ɗan littafi. Ku rubuta ranar kamu da awarta. Ku tambaya da ladabi: wane laifi ake tuhumarsa, deli ne ko kirim? Dosiyen yana hannun wa yanzu? Yaushe ne zama na gaba? In an yanke hukunci, ku ƙirga kwana goma da yatsunku tun kafin ku bar harabar. Ba faɗa za ku je yi da kowa ba, ma'aikatan shari'a da yawa suna jin daɗin ganin dangin da suka san abin da suke tambaya.

Ɗan kawuna yana nan yana tuƙa kabu-kabunsa, ya yi aure, yana da ɗiya biyu. Da na ce masa zan ba da labarinsa yau, ya ce in ba da, amma in ƙara da cewa duk wanda zai sayi waya ko babur a hannu, ya nemi takarda da shaidu biyu. Na isar da saƙo.

Allah ya kiyaye mu da shiga hannu, ya fitar da waɗanda ke tsare ba da haƙƙinsu ba, ya ba alƙalanmu ikon yin adalci. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da iyayenmu mata da ke baya.